Rahoton ayyukan shekara zuwa ga membobi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Shugaba ya ce in rubuta rahoto in tura kafin babban taro saboda kowa ya karanta a gida ya zo da tambayarsa, to ga shi nan, ku yi haƙuri idan ya yi tsawo.

Abu uku muka ɗaukar wa kanmu a farkon shekara, zaman karatu na wata-wata, horas da sababbin membobi, sai kuma manhajar rajista da biyan kuɗin wata da muka ce mu gina da hannunmu don mu gwada abin da muke koya wa mutane. Biyun farko sun tafi lafiya lau. Na ukun ne ya ba mu ruwa, kuma a kansa zan fi tsayawa.

A zaman karatu mun fara da asalin Agile, wato salon gina manhaja kaɗan-kaɗan ana nunawa ana gyarawa, don da yawa daga cikinmu sunan kawai muke ji a wurin aiki. A watan Fabrairu 2001 ne mutum 17 masu harkar manhaja suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah a Amurka suka fitar da wata 'yar gajeriyar takarda mai ƙunshe da abu 4 da suka fifita da kuma ƙa'idoji 12. Sun fifita mutane da mu'amalarsu a kan tsari da kayan aiki, manhaja mai aiki a kan tulin takardu, tafiya tare da mai saye a kan jayayyar kwangila, sai karɓar canji a kan bin shiri ido rufe. A nan aka yi musu sosai, don wasu sun ɗauka an ce a daina rubuta takarda gaba ɗaya, alhali su kansu masu takardar sun faɗa ƙarara cewa na bayan ma suna da amfani, na gaban ne dai suka fi nauyi. Membobinmu da ba manhaja suke yi ba sun ji daɗin zaman da aka yi kan Scrum, ɗaya daga cikin tsare-tsaren aiki da Agile, da suka ji cewa kalmar daga wasan rugbi ta fito, kuma Takeuchi da Nonaka da suka kawo misalin a 1986 cikin mujallar Harvard Business Review kamfanoni irin su Honda da Canon da Fuji-Xerox suka nazarta, wato masu ƙera mota da kyamara da injin kwafi. Sai a 1995 Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar da shi a matsayin hanyar gina manhaja.

Horas da sababbi kuwa babu wani dogon labari, an yi, sun zo, wasu sun tsaya wasu sun ɓace bayan sun karɓi satifiket. Mun saba.

To manhaja. Tim ɗin bai kai mutum 10 ba, daidai da abin da jagorar Scrum ta 2020 ta ce, muka yanke za mu riƙa yin aikin zango-zango, kowane zango sati 2, muka buɗe allo mai layi uku da ake manna kowane aiki a kati, wanda za a yi, wanda ake kai, da wanda aka gama. A takarda komai ya zauna daidai. Kuskurenmu na farko shi ne mai kaya, wato wanda ke jera aiki ya ce wannan ne gaba wannan ya jira. Jagorar ta ce mutum ɗaya ne ba kwamiti ba, mu kuma saboda kunya da gudun ɓata wa wani rai sai muka bar wa duk shugabanni, shugaba ya ce a fara da katin memba, mataimaki ya ce a'a saƙon tunatarwa, ni kaina na tsoma baki na ce rahoton taro, masu gini kuma suna ta amsa wa kowa da to har layin da ake kai ya cika maƙil da kati amma layin an gama fayau babu komai. Zango uku muka yi a haka wallahi.

Na biyu shi ne Scrum Masta. Aikinsa ya cire wa tim ƙaya a hanya ya kuma tabbatar ana bin tsarin, amma a wajenmu ya koma kamar monita, kowa shi yake kallo yana ba shi rahoto. Ba laifinsa ba ne, mu muka mai da shi oga. Taron tsaye na kullum minti 15 ne ƙa'idarsa, namu yana kai kusan awa, har kujeru aka fara jawowa. Wani ma ya dage sai an amsa tambayoyi ukun nan na jiya me ka yi, yau me za ka yi, me ya tare ka, sai da aka nuna masa cewa an cire su daga jagorar tun 2020.

Abin da ya juya al'amarin zaman waiwaye ne, wato zaman da tim ke yi a ƙarshen zango don duba yadda aiki ya tafi, wanda da farko muke tsallakewa wai ɓata lokaci ne. Wata 'yar uwa cikin masu gini, wadda ba ta cika magana ba, ta tashi ta je gaban allo ta ƙirga katunan da ake kai da yatsa, ta juyo ta ƙirga mu, katunan sun ninka mu. Ba ta ƙara komai ba ta koma ta zauna. A ranar muka ari dabarar Kanban, wadda asalinta daga masana'antar Toyota ne zamanin Taiichi Ohno, muka sa iyaka, ba a ɗaukar sabon kati sai an sauke na hannu. Muka kuma naɗa ma'aji shi kaɗai a matsayin mai kaya tunda shi zai fi kowa amfani da manhajar, sauran shugabanni duk mai buƙata ya kai masa, ya ga dama ya ce ba yanzu ba. Ni ma an ce min ba yanzu ba, kuma har yau rahoton taron nawa yana can ƙasan jeri, na haƙura.

Zaman farko na nuna abin da aka gina bayan wannan gyara ba zan manta da shi ba. Masu gini sun zo da kwamfuta za su haska a bango, ma'aji ya ce a'a ku ba ni a wayata. Tsohuwar waya ce mai tsagaggen gilashi, ya buɗe, ya danna neman memba, ya rubuta suna sai ga mutum uku masu suna iri ɗaya kuma babu yadda zai bambance su. Ya ɗago ya ce ni fa da lambar waya nake gane mutane. Babu wanda ya taɓa tambayarsa. Gyaran bai ci kwana biyu ba, amma da mun jira ƙarshen shekara kafin mu nuna masa da tuni an rubuta kuɗin wani a sunan wani. Daga nan muka rubuta ma'anar an gama muka manna a saman allo: wani ya duba kod ɗin, an gwada, kuma ya yi aiki a wayar ma'aji. Idan ɗaya ya rage katin bai motsa ba.

Makin ƙiyasta nauyin aiki, irin 1, 2, 3, 5, 8, 13 ɗin nan, mun gwada mun ajiye. Amfaninsa a jawo magana ne idan wani ya ce 2 wani ya ce 13, amma sai ya zama gasa, ana tambayar wa ya fi tara maki, har mutane suka fara kumbura lamba. A ganina ƙaramin tim kamar namu ƙirga katin da aka gama ya ishe shi, amma na san akwai masu ja, a zo a yi a taro.

Inda aka tsaya yanzu, rajista da rubuta biyan kuɗi suna aiki kuma ma'aji ya daina amfani da littafi. Saƙon tunatarwa da katin memba ba a yi ba, mun yi alkawari ba mu cika ba, gara in faɗa da bakina. Bayanin kuɗi ma'aji zai kawo shi dalla-dalla, ni dai roƙona ga masu bashin kuɗin wata su taimaka, yanzu kam manhaja na nuna sunan kowa.

Shekara mai zuwa kwamiti na ba da shawarar a ci gaba da zaman wata-wata amma a rage lacca a ƙara gwaji, a riƙa haɗa sabon memba da tsoho su zauna kan kwamfuta ɗaya suna rubutu tare kamar yadda ake yi a tsarin XP na su Kent Beck, sannan a riƙa karɓa-karɓa a kujerar Scrum Masta kada ta sake zama sarauta. Duk wannan sai kun amince. Don Allah kowa ya zo babban taro da wayarsa da caji, za mu buɗe manhajar tare kowa ya duba ko sunansa da lambarsa daidai ne.

Nagode,
Sakatare