Sanarwa: Buɗe zauren atisayen rawa na Agege

Assalamu alaikum ƴan'uwa, da fatan kowa yana lafiya.

Asabar mai zuwa da ƙarfe 4 na yamma za mu koma atisaye, amma korona ba ta tafi ba, dole mu sauya tsari. Mutum 10 ne a kowane zama, an shata wa kowa gurbinsa a ƙasa, tazarar mita 2. Zama minti 45 ne, sai a bar tagogi a buɗe minti 20 kafin rukuni na gaba, domin mai rawa numfashinsa na da ƙarfi, iskar ɗaki takan gurɓace da wuri.

Kowa ya zo da ruwan shansa, tawul, da takunkumi biyu; takunkumin da gumi ya jiƙa ba ya karewa sosai. Masu sarewa, don Allah ban da aron bakin sarewa. Rawar riƙe hannu mun jingine ta tukuna.

Mai zazzaɓi, tari ko rashin jin ƙamshi ya zauna gida, ya sanar da mu. Za a rubuta sunan duk wanda ya shigo saboda bibiya idan wani ya kamu.

Gudummawar sabulu da man tsaftace hannu naira 500 ce, a ba ma'aji kafin Alhamis.

Allah ya tsare mu, amin.
Kwamitin zaure