Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Magajiyar Garin Philadelphia, Cherelle Parker

Ranki ya daɗe,

Ina gaisuwa, da fatan aiki yana tafiya lafiya. Ni Bahaushe ne mazaunin birnin nan, kuma maganar wasu kaburbura ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kwanakin baya na tsaya a filin wasan yara na Weccacoe da ke unguwar Queen Village. Yara na ta lilo, iyaye na zaune a kan benci suna latsa waya. A ƙarƙashin ƙafafunsu kuwa akwai gawarwakin baƙar fata kusan 5,000, domin nan ce maƙabartar da Richard Allen, wani limamin Kirista baƙar fata, da dattawan cocinsa na Mother Bethel suka saya a 1810, daga baya aka sayar wa gwamnatin birni a 1889. Jikina ya yi sanyi.

Kin fi ni sanin yadda aka kai ga sayen wannan fili. A watan Afrilu na 1787, shekarar da manya suka taru a nan suna rubuta tsarin mulkin Amurka, Allen da Absalom Jones, dukansu tsofaffin bayi da suka fanshi kansu, suka kafa ƙungiyar Free African Society. Kowa na zuba sule ɗaya duk wata. Wanda ya kwanta ciwo a duba shi, wanda ya mutu a rufa masa asiri, matar mamaci da marayunsa a riƙe su. Mashayi kuwa ba shi da gurbi. Mu da ke yin karo-karo a ƙungiyarmu ta 'yan gida don kada gawar ɗan'uwa ta wulaƙanta a ƙasar mutane, mun san darajar wannan sulen.

Sai annobar zazzaɓin shawara ta 1793, wadda ta kashe mutum kusan 5,000. Masu hali suka gudu. Likita Benjamin Rush ya roƙi baƙar fata su taimaka, bisa zaton cutar ba ta kama su, zaton da ba gaskiya ba ne, don Allen kansa sai da ya kwanta. Su suka yi jinya, su suka ɗauki gawa, su suka haƙa rami. Da ƙura ta lafa, sai wani mawallafi, Mathew Carey, ya buga littafi yana zarginsu da tsawwala kuɗi da sata! Allen da Jones suka mayar masa da martani a rubuce a 1794, kuma Magajin Gari Matthew Clarkson, wanda ya zauna a kujerar da kike kai yanzu, ya sa hannu ya shaida aikinsu.



Roƙona guda ne. Baƙi na tururuwa zuwa Independence Hall, inda aka rubuta tsarin mulkin, da wurin ƙararrawar 'yanci, kuma daga can zuwa Weccacoe tafiyar ƙafa ce. A sa maƙabartar Bethel cikin hanyar da ake zagayawa da su, a ware kuɗin kula da ita a kasafin birni kowace shekara, a riƙa kai 'yan makaranta ana karanta musu sunayen waɗanda aka gano. Clarkson ya yi musu shaida suna da rai. Yanzu hatimin ofishin yana hannunki.

Allah ya taya ki riƙo.

Naki,
Wani mazaunin Philadelphia