Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Babban Daraktan NTA: a ceto kaset-kaset ɗin su Samanja

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Muna fatan aiki yana tafiya lafiya.

Tashoshinku ne suka shigo da Good Times da The Jeffersons da Sanford and Son da The Cosby Show gidajen mutanen Najeriya, don haka ba sai mun gabatar muku da su ba. Har yau a Amurka ana tafka muhawara a kan waɗannan wasannin barkwanci na iyalan baƙaƙen fata: wanne ne yake da rai har yanzu, wanne ne zamani ya bari a baya. Muhawarar tana yiwuwa ne saboda wasannin suna nan, kashi bayan kashi, duk wanda ya so ya kalla ya yanke hukunci. Namu na wancan zamanin, waɗanda aka ɗauka a ɗakunanku na Kaduna da Jos, ba su samu wannan gatan ba. Abin da ya sa muka rubuto ke nan.

Ku ɗauki Good Times, wanda CBS ta nuna daga 1974 zuwa 1979, labarin iyalin Evans a rukunin gidajen talakawa na Chicago. Esther Rolle, wadda ta fito a matsayin uwa, ta dage sai an sa uba a gidan, don kada a maimaita hoton gidan baƙar fata marar namiji. Kashi-kashin farko sun taɓa rashin aikin yi, da takardar kora daga gidan haya, da hawan jini, da jarrabawar auna basira da aka tsara ba tare da la'akari da ɗan talaka ba. Waɗannan har gobe suna ratsa mai kallo. Daga baya marubuta suka lura cewa shiriritar J.J., babban ɗan gidan, ita ke jawo tafi, sai suka karkata wasan gare shi. John Amos, uban gidan, ya yi ƙorafi, aka sallame shi a 1976, aka ce James Evans, uban da yake fitowa a matsayinsa, ya rasu a hatsarin mota a Mississippi. Rolle ma ta fice bayan shekara guda, sai a zangon ƙarshe ta dawo. Mai kallo na yau yana iya nuna daidai wurin da wasan ya fara tsami. Family Matters ya sake faɗawa wannan ramin bayan 1989, lokacin da Urkel, yaron maƙwabta, ya cinye labarin iyalin Winslow.

The Jeffersons ya kai kashi 253 tsakanin 1975 da 1985. Labarin mai shagunan wankin kaya da ya yi arziki ya koma unguwar masu kuɗi a New York bai tsufa ba, bakin George, mai shagunan, ne ya tsufa. Da ABC ta sake shirya kashi ɗaya kai tsaye a 2019, sai da aka toshe sautin kalmar cin mutuncin da aka furta a fili a 1975. The Fresh Prince of Bel-Air kuwa yana da kashi tun 1990 inda 'yan sanda suka tsare samari biyu don sun gan su cikin Marsandi, kuma babu iyalin baƙar fata a Amurka da zai ce wannan tsohon zance ne.

The Cosby Show ya fi kowanne wuyar sha'ani. Daga 1984 zuwa 1992 ya nuna uba likita da uwa lauya a Brooklyn, ya yi shekara biyar a jere yana kan gaba a yawan masu kallo, kuma Dokta Alvin Poussaint na jami'ar Harvard yana duba rubutun don tsame duk abin da zai wulaƙanta baƙar fata. Wurin da uban ya ƙirga wa ɗansa kuɗin haya da na abinci da takardun kuɗi na wasa, a kashin farko, darasi ne da bai lalace ba. An soki wasan da kauce wa maganar wariyar launin fata. Sannan zarge-zargen cin zarafin mata suka taso a kan Bill Cosby, wanda ya fito a matsayin uban, tashoshi suka fara janye wasan a 2014, kotu ta same shi da laifi a 2018, kotun ƙolin Pennsylvania ta soke hukuncin a 2021. Mutane da yawa ba sa iya kallonsa yanzu, kuma suna da hujja. Duk da haka babu wanda ya goge kaset ɗin.

To, ranka ya daɗe, ina Samanja Mazan Fama? Ina Karambana, ina Magana Jari Ce? Ina Cock Crow at Dawn da aka fara a Jos a 1980, labarin iyalin Bello da suka bar birni suka koma gona? Abin da matashi zai samu a YouTube gutsattsari ne masu dishi-dishi, sauti yana rawa. Ba zai iya cewa ko barkwancin bariki na Samanja ya jure zamani ba, ko yadda aka nuna matan gida a wasannin nan ya dace, domin ba a ba shi abin da zai auna ba. Cikin 'yan wasan, Kasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba a 2021, Usman Baba Pategi a 2023. Masu iya duba hoto su ce wannan kashi kaza ne, a wuri kaza aka ɗauke shi, suna ta ƙarewa. Kuna kiran kanku gidan talabijin mafi girma a Afirka. Kun dawo da tsohon wasan The Village Headmaster, alamar kun san darajar tsofaffin sunayen nan. Me ya hana a fara da ceton na asalin?

Ba mu ce ku kaɗai kuka yi sakaci ba. Ɗaukar sabon shiri a kan tsohon kaset al'ada ce ta gidajen talabijin a duniya, har BBC ta yi. Amma ku tuna 2013, lokacin da aka sanar cewa wani Bature, Philip Morris, ya gano kashi 9 na wasan Doctor Who da BBC ta rasa, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Daga Ingila aka zo aka tono kayansu a cikin gidanmu. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976 ma an gano shi a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Duka biyun a kan fim suke. Kaset ba ya da irin wannan haƙurin.

Kaset-kaset ɗin U-matic da Betacam da aka yi aiki da su a wancan zamani zare ne na roba da aka manna wa garin maganaɗisu da wani danƙo. Danƙon yana shan laima, ya ruɓe, zaren ya yi yauƙi. Idan aka saka irin wannan a na'ura, zai yi ƙara, ya toshe kawunan da ke karanta hoto, garin ya kankare, kuma abin da ya kankare ya tafi har abada. Don Allah kada a bar kowa ya “gwada ya gani”. Sony ta daina sayar da na'urorin Betacam tun 2016, na U-matic kuma sai dai tsofaffi. Ma'ajiyar fina-finai ta Ostareliya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa kaset ɗin da ba a kwafe ba zuwa 2025 mafi yawansu sun tafi.

Aikin ba asiri ba ne. A fara da ƙidaya: kowane kaset a ba shi lamba, a ɗauki hoton rubutun da ke jikinsa, a cire jan maɓallin da ke ƙasan U-matic don kada a yi ɗauka a kansa bisa kuskure. Wanda ya yi fumfuna a ware shi, mai taɓa shi ya sa safar hannu da takunkumi. Sauran a jera su a tsaye, a ɗakin da zafinsa bai kai digiri 20 ba, laimarsa tsakanin kashi 30 da 40 cikin ɗari, da wutar da ba ta yankewa, domin hawa da saukar zafi ya fi zafin kansa ɓarna. Mai yauƙi a gasa shi a injin ɗumamawa na ɗakin gwaji, digiri 50 zuwa 55, daga awa 8 zuwa kwana guda ko fiye, a bar shi ya huce kwana ɗaya, a kwafe shi cikin 'yan kwanaki kafin laima ta dawo. Ba a yin wannan a tandun girki.

Wajen kwafa, siginar ta bi ta na'urar daidaita lokaci, in ba haka ba hoton zai riƙa karkacewa. A adana shi yadda yake, layi 625, hoto 25 a daƙiƙa, kada a miƙa shi ya cika faffaɗan allo. Awa guda tana cin kusan gigabait 100 idan ba a matse ba, tsarin FFV1 kuma yana rage ta zuwa ƙasa da rabi ba tare da asarar komai ba. Kwafi uku, a garuruwa biyu aƙalla, ɗaya a kaset ɗin LTO na adana bayanan kwamfuta. Kaset mai awa guda sai ya cinye awarsa, ga goge kawuna tsakanin kowane biyu, don haka na'ura ɗaya da ƙyar ta wuce biyar a yini. Wannan lissafin shi ya sa jinkiri yake da tsada.

Ma'aikata ma akwai. Kwalejinku ta talabijin tana Jos, ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa tana Jos, jami'ar Jos tana koyar da adana fina-finai a matakin digiri na biyu. Akwai batun haƙƙin iyalan 'yan wasan idan aka fara nunawa, da batun roƙon tsofaffin ma'aikata da masu kallo su kawo kwafin VHS da suka ɗauka a gida, da na tashoshin jihohi masu irin wannan matsala. Waɗannan za su biyo baya.

Abin da muke roƙo yanzu shi ne ku ba tashoshin Kaduna da Jos da Kano da Sakkwato umarni a rubuce cewa kada a zubar, kada a kunna, kada a yi ɗauka a kan kowane tsohon kaset, sannan cikin wata uku ku buga jerin abin da aka samu, suna da shekara da halin da kowanne yake ciki, ko da jerin gajere ne.

Wassalam.