Wasiƙar Godiya ga Kamfanin da ya Fitar da 'Ya'yana Kamun Kifi a Gaɓar Teku

Zuwa ga shugaba da dukkan ma'aikatan kamfanin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na zaɓi in rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda godiyar baki da na yi muku ranar da muka sauko daga jirgi ba ta kai nauyin abin da kuka yi mini ba. Yaba kyauta tukuici ne, kuma ina so iyayen da ke shawarar fita da ƙananan yara kamun kifi su ji yadda tamu fitar ta kasance a hannunku.

Lokacin da na kira ofishinku, burina shi ne in ɗauki jirgi na yini guda mu nutsa can cikin teku, domin hotunan manyan kifaye sun riga sun cika mini ido. Ma'aikaciyar da ta amsa wayar ba ta yi gaggawar rubuta sunana ba, sai ta fara tambayar shekarun yaran da nauyin kowannensu. Da na ce mata babban yana da shekara 9, na tsakiya 7, autar kuma 5, sai ta ce mini cikin ladabi: "Yallaɓai, yini guda ya yi wa waɗannan yawa. Ka ɗauki fitar awa 3 a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, inda suna ganin tudu, kuma idan wani ya gaji za a iya dawowa cikin 'yan mintuna." Ba zan ɓoye ba, raina ya ɗan sosu, domin na ga kamar ana rage mini abin da na yi niyya. Sai da na ajiye wayar na lura cewa fitar da ta ba ni shawara a kai ta fi wadda na nema arha sosai, wato da bakinta ta rage wa kamfaninta ciniki don kada yaran da ba ta taɓa gani ba su wahala. Wannan shi ne babban dalilin rubuta wasiƙar nan, kuma duk abin da ya biyo baya a kan ruwa ya tafi ne a kan wannan ma'auni na yaro.

Ko lokacin tashi ba ni na zaɓa ba. An duba jadawalin cikowa da janyewar teku aka sa mana awa. Babban ɗana, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya tambayi matuƙin dalili, shi kuwa ya yi masa bayani ba tare da ƙosawa ba. Ya ce a mafi yawan gaɓoɓi teku kan ciko ya janye sau biyu a yini, saboda jan da wata ke yi wa ruwa, rana ma tana taimakawa, kuma tsakanin cikowa ɗaya da ta gaba akwai kimanin awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin ke matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Ya ƙara da cewa kifi ya fi neman abinci idan ruwa yana tafiya, domin a lokacin ne yake kwaso ƙananan jatan lande da 'ya'yan kifi daga cikin ciyayi da ƙoramu. Ni kaina ban san haka ba sai ranar.

Kafin kowa ya taka jirgi, mataimakin matuƙin ya sa wa yaran rigunan kariya daga nutsewa, a nan ne na gane dalilin tambayar nauyinsu, tunda da nauyi ake auna rigar yaro. Ya ɗaure wa autar maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, sannan ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga sama, ya nuna mini cewa idan ta haura ta rufe haɓa da kunnuwa, to ta yi girma, yaro zai iya sulluɓewa daga cikinta a ruwa. Rigar na tsakiyan ta haura, nan take aka canja masa wata. Ma'aikatan biyu ma sun sa nasu, abin da ya rufe bakin duk wani yaro mai niyyar gardama. Matuƙin ya ɗaura a jikinsa igiyar nan da ke kashe inji idan ya faɗi daga mazauninsa, ya kuma nuna mini rediyon jirgi da tasha ta 16, wadda ita ce tashar neman agaji a teku, ko da wani abu zai same shi. An ba kowane yaro tabarau, aka ce kada ya cire, saboda ƙyallin rana a kan ruwa da kuma kare ido daga ƙugiyar da ka iya fizgowa.

Ba mu yi nisa ba matuƙin ya saki anga a wani lungu mai kwanciyar ruwa. Sandunan da aka miƙa wa yaran gajeru ne marasa nauyi, daidai hannunsu. Ƙugiyoyin kuwa irin masu lanƙwasa ne kamar zobe, waɗanda tsininsu ke kallon ciki, kuma an danne ƙayar bakinsu da filaya domin a zare su cikin sauƙi daga bakin kifi, ko daga yatsan yaro idan tsautsayi ya gitta. Matuƙin ya ce amfanin wannan ƙugiya ga yaro shi ne ba ta buƙatar a fizga da ƙarfi, da zarar kifi ya ɗauka ya juya sai ta kama gefen bakinsa, aikin yaro kawai shi ne ya naɗe zare. An maƙala wa kowane zare ɗan ƙwallo mai yawo a saman ruwa, aka ce su zuba masa ido, idan ya nutse to kifi ya zo. Wannan dabara ta ba ni sha'awa, domin ta ba yaro abin kallo a lokacin jira, wanda shi ne mafi wuya ga mai shekara 5.

Matuƙin bai nemi babban kifi ba ko kaɗan. Ya kai mu inda ƙananan kifaye suke da yawa, domin ya san cewa yaro ya fi jin daɗin kama ƙanana biyar a kan zaman awa guda ana jiran ƙato ɗaya. Da ƙwallon autar ya nutse a karon farko, ta tsorata ta so ta saki sandar. Mataimakin ya durƙusa a bayanta ya tallafi gindin sandar da hannu ɗaya, amma bai karɓe ta ba, yana cewa: "Naɗe a hankali, 'yata, naki ne, ke za ki fito da shi." Kifin bai fi tafin hannuna ba, amma har yau idan tana ba da labari sai ta ware hannuwa biyu iya ƙarfinta. Na tsakiyan kuwa ya cukurkuɗe zarensa sau huɗu, kuma sau huɗun aka warware masa ba tare da an ɗaure fuska ba. A karo na uku ni uban na fara ɗaga murya, sai matuƙin ya ce mini da murmushi: "Bar shi, Yallaɓai, aikinmu ke nan." Na ji kunya, na yi shiru.

Ina kuma godiya da yadda kuka koya musu tausayin abin da suka kama. An sa su jiƙa hannu kafin su taɓa kifi, saboda yauƙin da ke jikinsa kariya ce gare shi daga cuta, busasshen hannu kuwa yana goge shi. An hana su cusa yatsa ƙarƙashin marfin da ke gefen kansa, inda yake numfashi, kuma ba a bar kifi ya daɗe a waje ba bayan an ɗauki hoto. Akwai ma'auni a jikin jirgin, duk kifin da bai kai tsawon da doka ta yarda a riƙe ba sai a mayar da shi ruwa. Na tsakiyan ya yi hawaye da aka ce a saki nasa, sai matuƙin ya gaya masa cewa wannan kifin bai ma kai ga yin ƙwai ba, idan aka kwashe irinsa tun suna ƙanana, babu abin da zai tarar in ya dawo yana babba. Da hannunsa ya sake shi, ya bi shi da kallo har ya ɓace.

Bayan kamar awa 2, autar ta yi shiru, fuskarta ta canja. Kafin ni in lura, matuƙin ya riga ya gane tashin zuciya ne irin na tafiyar ruwa, wanda ke zuwa idan cikin kunne yana jin motsi amma ido yana kallon abin da ba ya motsi. Ya zaunar da ita a tsakiyar jirgi inda tangaɗi ya fi sauƙi, ya ce ta kalli tudu can nesa, ya ba ta ruwa ta kurɓa, sannan ya naɗe kayan kamun kifin gaba ɗaya ya matsa da mu bakin wani yashi. Sauran lokacin mun yi shi ne ana kallon ƙaguwa suna shiga ramukansu da tsuntsaye suna tsintar abinci a taɓo. A nan babban ya ɗanɗana ruwan ya yamutsa fuska, aka gaya masa cewa a kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Ya rubuta wannan a littafinsa da muka koma gida.

Shawara ɗaya ce nake da ita, kuma ba ta rage komai daga yabona ba. Zai yi kyau ku riƙa sanar da iyaye tun a waya cewa ƙaramin jirgi irin wannan ba shi da makewayi, domin su shirya yaransu kafin a tashi. Mu Allah ya rufa mana asiri, amma da kyar.

Ina roƙon shugaba ya isar da godiyata ta musamman ga ma'aikaciyar da ta amsa wayata, da matuƙin, da mataimakinsa. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a kan ruwa, ya ƙara wa kasuwancinku albarka. Yaran sun riga sun sa ni alkawarin dawowa, kuma in Allah ya yarda fitar awa 3 ɗin nan zan sake nema.

Naku da girmamawa,
Mahaifin yara uku