Wasiƙa daga Garwa kan man kifi da hantar ƙaninka

Garwa, Kamaru

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya zafin Injamena? Saƙonka ya iso kan ƙaninka na Marwa, wanda likita ya ce giya ta taɓa masa hanta, da kwalbar man kifin da kake shirin aika masa. Dakata tukuna kafin ka kashe sefarka.

Abin da ka ji, wai ciwon yana da alaƙa da hanji, gaskiya ne. Jinin da ya kwaso abinci daga hanji sai ya bi ta hanta kafin ya wuce sauran jiki. Bangon hanji kuwa kamar rariya yake, mai ƙananan idanu: abinci ya wuce, ƙazanta ta tsaya. Giya, bilbil ce ko arki ko wiskin leda, tana buɗe idanun rariyar nan, tana kuma canja irin bakteriyar da ke zaune a ciki. Sai dafin jikinsu ya tsallaka cikin jini ya sauka a hanta, ƙwayoyin da ke tsaronta su tayar da faɗa, ta kumbura. Ga ita giyar kanta, wadda hanta ke fara mayarwa guba mai suna asetaldehaid kafin ta kawar da ita. A 2019 masu bincike a San Diyego ta Amurka sun nuna cewa wata bakteriyar hanji, Enterococcus faecalis, tana fitar da dafin da ke kashe ƙwayoyin hanta, kuma masu ciwon hantar giya da ke ɗauke da irinta mai wannan dafin sun fi saurin rasuwa.

To, ina man kifi ya shigo? Yana ɗauke da kitsen omega-3, wato EPA da DHA, masu rage kumburi. Amma a kan ciwon giya, yawancin gwajin a jikin ɓeraye aka yi, kuma sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba. A wasu kitsen hanta ya ragu. A wasu, da aka haɗa man kifi da giya, hantar ta fi lalacewa, domin irin wannan mai yana saurin ruɓewa idan ya gamu da gubar giya. Ni dai ba zan kira shi magani ba, balle ga wanda bai ajiye kwalbar giya ba.

Akwai kuma haɗari biyu. Hanta ce ke sarrafa abin da ke daskarar da jini, kuma man kifi da yawa yana iya ƙara tsinka shi, alhali wanda hantarsa ta taurare jijiyoyin maƙoshinsa kan kumbura su fashe. Na biyu, kada a rikita shi da man hantar kifi. Wannan cike yake da bitamin A, wanda yawansa ke ƙara cutar da hanta. Kapson da ya sha rana a teburin kasuwa ma, in ka fasa ka ji ƙarni mai ɗaci, ya lalace.

In omega-3 ake so, a ba ƙanin naka sardin na gwangwani sau biyu a mako, a tsiyaye ruwan saboda gishiri. Tarwaɗa da karfasar madatsar ruwa ta Lagdo ba su kai kifin teku yawansa ba, amma nama ne mai kyau, kuma yana buƙatarsa: gram 1.2 zuwa 1.5 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Ya riƙa cin wani abu kafin barci, ko kunun gero da kindirmo, don kada jiki ya kwana yana cin tsokarsa. Wake da ganye su ne abincin bakteriya masu amfani.

Babban aikin shi ne barin giya ɗungurungum. Kitsen hanta kan janye cikin makonni, amma in ta taurare, tabon ba ya gogewa, sai dai a tsayar da shi. Sai dai wanda ya saba sha kullum kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki. Rawar jiki kan fara cikin awa 6 zuwa 24, farfaɗiya na iya biyowa, ruɗewa mai kisa kuma a kwana na biyu ko na uku. A yi a asibiti, a ba shi bitamin B1.

Ka sa a yi masa gwajin jini na lafiyar hanta, wato ASAT da ALAT, da hoton ciki, a kuma duba ciwon hanta na B da tsargiya, domin duka biyun sun yi yawa a yankinmu. Farasitamol kada ya wuce gram 2 a rana. Diklofenak da ibuprofen da jiƙe-jiƙen shawara, a bar su. In ya yi aman jini, ko baƙin kashi, ko ya fara sambatu da barcin rana, a kai shi asibiti nan take.

Ka turo mini hoton sakamakon in ya fito. Ka gaida Hajiya da yara. Allah Ya ba shi lafiya.

Naka,
Amininka na Garwa