Kafin ki kawo dabba gida: wasiƙa zuwa ga 'yata

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Saƙonki ya iso. Na ga jikokina sun tasa ki gaba sai an kawo musu dabbar da za su riƙa wasa da ita, ke kuma kina neman wadda ba za ta ƙara miki aiki a kan wanda ke wuyanki ba. Ki ba ni aron hankalinki, domin zaɓin da ake yi cikin minti 10 a gaban keji yakan zama ɗawainiyar shekara 10.

Mutane kan auna sauƙin dabba da girman jikinta. A ga zomo, ko ɗan kifi a kwano, sai a ce wannan ai ba wata wahala. Ɗan hakin da ka raina kuwa shi ke tsone maka ido: ƙaramar dabba ta fi saurin galabaita, ta fi iya ɓoye ciwo, kuma ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da ita ba. Abin da za ki auna shi ne minti nawa za ta riƙa ci miki kullum, shekara nawa za ta yi a hannunki, kuma wa zai kula da ita ranar da tafiya ta kama ku. Kada ki sa yara a wannan lissafi. Ɗokinsu na mako 2 ne ko 3, daga nan aikin ya dawo kanki. Idan gidan haya kuke, ki nemi yardar mai gidan tukuna. Sannan ki kai yaran gidan da ake da kyanwa ko tsuntsu su yi awa 1 ko 2 a ciki, ki lura ko wani zai fara atishawa, ko idonsa ya yi ja, ko numfashinsa ya riƙa sama-sama. Idan akwai mai asma a gidan, sai an ji ta bakin likitansa kafin a kawo mai gashi ko mai fuka-fuki.

A ganina babu wadda ta kai kyanwa dacewa da ke, amma babba, wadda ta haura shekara 1. Halinta ya riga ya fito, za ki gane nan take ko tana son a ɗauke ta ko mai gudun mutane ce. Ɗan kyanwa ya fi ban sha'awa, sai dai yana cin abinci sau 3 zuwa 4 a rana, yana hawa labule, yana taunar wayar wuta. In yara sun nace sai ƙarami, kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8, in da hali ma a bari ya kai 12, domin a wajen uwa da 'yan uwansa yake koyon wasa ba tare da cizo da yakushi ba. Babbar kyanwa kuwa minti 15 zuwa 20 sun ishe ta a rana: abinci safe da yamma, ruwa mai tsabta, kwashe kashi, da ɗan wasa da zare ko ƙwallo.

Rabin zaman lafiyarku da ita yana kan akwatin da take bayan gida. Tsawonsa ya kai tsawon jikinta sau ɗaya da rabi, a zuba yashi mai zurfin santimita 5 zuwa 7, a ajiye shi a lungun da ba hayaniya, nesa da kwanon abincinta. Ki kwashe kashin kullum, ki zubar da yashin gaba ɗaya ki wanke akwatin sau ɗaya a mako. Kyanwa ba ta ƙin akwatinta haka kawai. Duk ranar da ta fara yi a kan shimfiɗa, ko dai ya yi ƙazanta, ko wani abu yana tsorata ta a wurin, ko kuma ciwo ne. Idan muzuru ne kika ga yana ta zarya zuwa akwatin, yana tsugunawa yana nishi fitsari bai fito ba, mafitsararsa ce ta toshe. Wannan ba ya jiran gobe, yana iya kashe shi cikin kwana 1 ko 2. Wani abu kuma da ya shafe ki kai tsaye: in kina da juna biyu, wani ne zai riƙa kwashe kashin, saboda ƙwayar cutar tokzofilasma da ke iya cutar da abin da ke ciki. Ƙwayar na ɗaukar kwana 1 zuwa 5 a cikin kashi kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kwashewar kullum take rage haɗarin sosai.

Kyanwa maciyar nama ce zalla. Jikinta ba ya iya haɗa isasshen wani sinadari mai suna torin, a nama take samunsa, kuma rashinsa na lalata mata zuciya da ido a hankali ba tare da an ankara ba. Saboda haka ragowar abincin gida ba zai riƙe ta ba, abincin karnuka ma haka. Ki nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa cikakken abincin kyanwa ne. Madara na sa mafi yawan manyan kyanwoyi gudawa. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa mata jajayen ƙwayoyin jini. Abu biyu kuma nake roƙonki ki faɗa wa kowa a gidan. Kada a taɓa ba ta farasitamol, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Kuma kada a ɗiga mata maganin ƙuma na karnuka, da yawansu na ɗauke da sinadarin fametirin, wanda ke jefa kyanwa cikin karkarwa da farfaɗiya.

Rigakafi kan fara ne tana mako 8 ko 9, a maimaita bayan mako 3 zuwa 4, ta ciwon haukan kare kuma daga mako 12. Likita zai tsara miki sauran da maganin tsutsar ciki. Ki sa a yi mata aikin hana haihuwa tana wata 4 zuwa 6. Macen na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Muzurun da ba a fiɗiye ba kuwa fitsari mai wari zai riƙa fesa wa bango, ya fita faɗa ya dawo da rauni. Ki kafa mata gungumen da aka naɗe da igiya, mai tsayin da za ta miƙe sosai a jikinsa, in ba haka ba kujerunki za ta mayar wurin wasa farce. Dare ɗaya za ku iya barinta da ruwa da abinci. Abin da ya wuce haka, sai an sami mai leƙa ta kullum. In ta yi kwana 2 ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, a kai ta asibiti, domin kitse kan taru ya danne mata hanta. Kuma ki sani shekara 12 zuwa 18 za ku yi tare. Yaran za su bar gida su bar miki ita.

Idan kyanwa ba ta yiwu ba, sai kifi. Wahalarsa a farko take, kuma a nan kusan kowa ke faɗuwa. Kifi na fitar da amoniya a cikin ruwan da yake shaƙa, ita kuwa guba ce mai ƙona masa matsefin da ke gefen kansa, wanda yake numfashi da shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke zama a soson matatar ruwa, su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Sabon tanki ba shi da su, sai sun yi mako 4 zuwa 6 suna yaɗuwa. Shi ya sa wanda ya sayi tanki da kifi rana ɗaya yakan wayi gari cikin mako 2 ya ga sun mutu sun taso saman ruwa. Ki cika tankin, ki kunna matatar, ki riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi a ruwan ba kifi a ciki don ƙwayoyin su sami abin yaɗuwa, ki riƙa gwadawa da kayan gwajin ruwa har amoniya da naitirait su hau sannan su sauko sifili. Sai ki sa kifi 3 ko 4, ki ƙara wasu bayan mako 2.

Tanki mai lita 40 zuwa 60 ya fi ƙarami sauƙin riƙo, domin ruwa mai yawa ba ya saurin lalacewa. Ki tuna lita 1 kilo 1 ce, mai lita 60 da tsakuwarsa da gilashinsa ya haura kilo 70, ba kowane tebur ke ɗaukarsa ba. Kada rana ta riƙa dukansa, gansakuka za ta rufe shi. Kowane mako ki cire kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na ruwan ki mayar da sabo, bayan kin ɗiga masa maganin kashe kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo. Soson matatar a cikin tsohon ruwan da kika cire za ki matse shi. In kin wanke shi a bakin famfo, kulorin zai kashe ƙwayoyin nan, ki koma farko. Sabulu kada ya kusanci komai na tankin. Abinci kuwa gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 2; yawan ciyarwa ya fi yunwa kashe kifin gida, kuma hannun yara ne ya fi yin wannan ɓarnar, don haka ki ɗaga gwangwanin sama. Babban kifi mai lafiya na yin kwana 3 ko 4 ba ci ba abin da ya same shi, wannan ne sauƙinsa wajen tafiya. Rauninsa wutar lantarki: matatar dare da rana take aiki, in ta tsaya awoyi da yawa ƙwayoyin kan fara mutuwa, sai ki tanadi ɗan injin iska mai batir.

Kada ki sayi kifin zinare ki sa a kwano. Yana kai santimita 15 zuwa 20, yana haura shekara 10, kashinsa kuma da yawa. Namijin ƙaramin kifin da ake kira beta guda ɗaya a lita 20 ko fiye, ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27, ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Maza biyu dai ba sa zama tare, sai ɗaya ya illata ɗaya.

Cikin tsuntsaye, kanari ne mai sauƙi. Namijin ke waƙa, yana zama shi kaɗai, ba ya bukatar a riƙa ɗaukarsa, yana kai shekara 8 zuwa 10. Ƙananan akun nan 'yan asalin Ostareliya su ma ba laifi, amma bibbiyu ake ajiye su don kaɗaici na cinye su. Keji mai faɗi ya fi mai tsayi, tunda tsuntsu a kwance yake tashi, tazarar sandunansa kuma kada ta wuce santimita 1.2, kar kai ya maƙale. Tsaba zalla na sa musu kitse da ƙarancin bitamin, a haɗa da ganye da haɗaɗɗen abincin tsuntsaye. Fiya kuwa, wato afokado, guba ce gare su. Su sami duhu na awa 10 zuwa 12 da dare. Kada kejin ya zauna a kicin ko kusa da shi: hayaƙin kaskon da ba ya kama abinci, in ya yi zafi fiye da kima, na kashe tsuntsu cikin mintuna, haka fesa maganin ƙwari ko turare a ɗakin. Tsuntsun da kika ga ya kumbura gashi ya zauna a ƙasan keji ido a lumshe ya daɗe da ciwo yana ɓoyewa, a ranar za a kai shi ga likita.

Sauran ki bar su a yanzu. Zomo na kai shekara 8 zuwa 12, kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsa busasshiyar ciyawa ce don haƙoransa ba sa daina tsiro, zafin da ya kai digiri 30 na iya kashe shi, in ya yi awa 12 bai ci ba hanjinsa ya tsaya ke nan, kuma yaro na iya karya masa baya wajen ɗauka. Hamsta, wata ƙaramar dabba mai kama da ɓera, da rana take barci, in an tashe ta ta yi cizo, shekara 2 zuwa 3 ta mutu ta bar yara da kuka. Kunkuru na ɗauke da ƙwayar salmonela a jikinsa ko da lafiyarsa ƙalau, dalilin da ya sa Amurka ta hana sayar da waɗanda ba su kai kusan santimita 10 ba tun 1975, saboda ƙananan yara na sa su a baki. Ga shi wasu irinsa na haura shekara 50. Babban aku mai ruwan toka da jar wutsiya na yin shekara 40 ko fiye, in an bar shi shi kaɗai gashin jikinsa yake tsigewa, kuma tun 2017 aka haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Kare kuwa fita yawo kullum da horo na watanni yake so, bai shiga sahun masu sauƙi ba.

Duk wadda kika tsayar, ki san inda likitanta yake kafin ta shigo, ki kuma haɗa kayanta tukuna. In kyanwa ce, ki duba idonta ba kwantsa, hancinta ba majina, kunnenta ba baƙin datti, ƙarƙashin wutsiyarta a bushe. Ki sauke ta a ɗaki ɗaya da akwatinta da ruwa da abinci da kwalin da za ta ɓuya. Kwana 2 ko 3 na farko za ta iya maƙalewa a ƙarƙashin gado, kada a jawo ta. Yara su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, su zauna a ƙasa, su miƙa hannu ta shinshina, ita za ta zo da kanta. Ki koya musu wanke hannu bayan sun taɓa ta, da barinta in tana ci ko tana barci.

Ki sanar da ni wadda kuka zaɓa. Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan jikokina. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki.