A riƙa duba bugun zuciyar wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin 'yan'uwa da abin da ya samu mahaifinmu. Bara ya yi shanyewar ɓarin jiki, muka ɗora laifin duka kan hawan jini, muka duƙufa kan gashi. Sai da wata likita, Allah Ya saka mata, ta sa aka ɗaura masa na'urar Holter, wadda ke naɗar bugun zuciya, na tsawon awa 24, sannan aka gano zuciyarsa na bugawa ba bisa ƙa'ida ba. Abin yana zuwa yana tafiya, shi ya sa gwajin bugun zuciya na ECG, na ɗan lokaci kaɗan, da aka yi masa da farko bai kama shi ba.

Ta ce idan ɗakin saman zuciya yana karkarwa maimakon matsewa, jini kan kwanta ya daskare, gudan ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Mai wannan larura haɗarinsa na samun shanyewar ɓarin jiki ya ninka kusan sau 5, kuma asfirin kaɗai ba ya wadatarwa. Yanzu Baba yana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ana bin jininsa da gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, a kai a kai.

Ina kira ga gwamnatocin jihohinmu su wadata manyan asibitoci da wannan na'ura, masu jinya kuma su tambayi likita ko an duba zuciyar kafin a sallame su.

Naku,
Mai karatu daga Kano